Ranar da Kabiru Ya Ƙona Mini Goronyo

Na san wasunku za su zage ni in sun kai ƙarshen rubutun nan. Ku zaga, amma ku karanta tukuna. Ina buga shi ne rabi tsoro, rabi wani irin daɗi da ban san sunansa ba.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Mashkura, shekarata ashirin da huɗu, 'yar Malam Mode manomin albasa a Goronyo. Na yi difloma a zanen gine-gine a Sakkwato, na dawo gida da takarda da tsohuwar laftof. Aikin har yau bai zo ba, amma laftof ɗin ba ta huta ba.

A makaranta ƙawata Zinariya ta koya mini wani wasan kwamfuta wanda duniyar cikinsa duk bulo ce. Ƙasa bulo, ruwa bulo, itace bulo, hatta tumakin cikinsa masu kusurwa huɗu ne. Za ka haƙa, ka sara, ka tara kaya, ka gina abin da ranka ya so. In kana son yi da mutane sai ka shiga sabar, wato wani fili a intanet inda ɗaruruwan 'yan wasa ke zaune tare kamar gari guda. Na gwada ta Amurkawa, netwok ɗinmu ya ƙi. In na ajiye bulo sai na ƙirga uku kafin ya zauna. Ta Jamusawa ce kaɗai ta karɓe ni ba tsaiko. Haka na tsinci kaina a garin da ko sannu ban iya da yarensu ba.

Yau shekara biyu ke nan. Yanzu ina hira da su, ina faɗa da su, har zolaya ina ganewa. Mutane ne masu son doka kamar mi. Kafin ka shiga sai ka karanta dokoki ashirin da bakwai, a yi maka jarabawa a kansu. Babbar admin ɗinmu, wato shugabar masu kula da sabar, wata dattijuwa ce, Gudrun, tsohuwar malamar firamare da jikanta ya koya wa wasan, ta fi shi ƙwarewa. Ta kasa faɗin sunana, sai ta mayar da ni Mashi. Na gaya mata mashi makami ne a wurinmu, ta ce ai ya dace da ni.

Bana suka sa gasa: kowa ya gina garinsu, mako shida. Wanda ya ci, za a ɗauki gininsa a dasa a dandalin shiga, duk wanda ya buɗe sabar shi zai fara gani har shekara. Sharaɗin filin gasar shi ne komai sai ka nemo da kanka, kuma abin da ya lalace ya lalace, ba a mayar wa kowa.

Ni kuwa na gina Goronyo. Na gina dam da gulbi, na shimfiɗa fadama kore shar, na yi kasuwa, na yi gidanmu da zaurensa da darbejiyar tsakar gida. A bayan gari na jera rudu goma sha biyu, rumfunan karan nan da ake ajiye albasa in an cire ta. Jamusawa suna zuwa kallo, suna tambayata mi ne wannan, mi ne wancan.

Ana cikin haka, ranar wata Talata, sai ga rubutu ya fito a gefen allona, cikin Hausa, Hausar ma tamu:

"Wa ag gina dam ɗin Goronyo nan?"

Sai da na ɗaga hannuna daga laftof. Shekara biyu ban taɓa ganin kalmar Hausa ɗaya a wurin nan ba. Shi ne Lukman, ɗan Rabah, yana karatun injiniyan ruwa a Jamus. Daga ranar muka saba. Ya gyara mini bakin dam, ya gyara mini Jamusancina, muka koma hira a waya. Yakan turo mini hotonsa cikin ƙatuwar rigar sanyi a bakin jirgin ƙasa, ya rubuta: "Yau da na samu fura da nonon Rabah, da na ba da jakkata duka." In ya turo saƙon murya ina saurarensa sau uku. Ba zan ɓoye muku ba, ya burge ni. Bai taɓa cewa yana sona ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

A gida kuwa wata wutar ake hura mini. Ƙanwata Nafisa ta samu miji, magabatansa suna jira, Inna kuma ta rantse ƙarama ba za ta riga babba fita ba. Kullum in ta leƙo ɗaki ta gan ni da abin kunne, sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ɗiyar ga, mi kika samu ga waɗanga Nasara? Tsararki na goyo, ke kina gina gidan da ko kaza ba ta kwana ciki."

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya kira ni ya ce ba zai zaɓa mini ba, amma yana son jin suna daga bakina Jumu'a ta sama, ko in ce babu, ya san abin da zai gaya wa mutanen Nafisa. Kuma duk gidan sun san sunan da ake jira.

Kabiru. Ɗan Wurno ne, dillalin albasa, shi ke ɗaukar ta Baba yana lodi zuwa Kudu. Wata biyar yana zuwa zance duk Jumu'a bayan la'asar. Dogo ne, baƙi, mai tsabta, kullum cikin shadda mai guga, ya sha turare don ya danne warin albasa, albasar kuma ba ta yarda. Ba shi da aibi ko ɗaya da zan nuna. Matsalata da shi ita ce in mun gaisa, ya tambayi Inna, ya ba ni labarin motar da ta lalace a hanya, sai shiru. In ta kallon tabarma, shi yana kallon hularsa da ya ɗora a gwiwa.

Jumu'ar da abin ya faru, saura kwana biyu a rufe gasa. Na sa atamfata ruwan goro, ɗinkin doguwar riga, na yafa mayafi mai ruwan madara, lallen hannuna bai gama fita ba. Na ɗauki laftof na tafi da ita zaure, don ina son in ƙarasa rumfunan mahauta ko da yana zaune. Inna ta aiko da kunun aya mai sanyi a jug.

Muna gama gaisawa sai ya ciro wayarsa ya miƙo mini yana sunne kai. Wasan ne a ciki. Ashe mako guda ke nan da ya sa aka ɗora masa a shagon waya, yana koyo shi kaɗai a rumfarsa tsakanin lodi da lodi. Ya ce yana son ya ga abin da ke cinye mini hankali, ko ya samu abin da zai riƙa ce mini.

Wallahi abin ya taɓa ni. Nan take na rubuta wa Gudrun na roƙi a bar baƙona ya shigo. Na amsa masa jarabawar dokokin da kaina, wanda shi ma karya doka ne, Allah ya yafe mini. Na ba shi izinin taɓa kaya a filina. Sai ga Kabiru ya faɗo Goronyon bulo, yana tafiya yana karo da bango, yana juyi wuri ɗaya kamar wanda ya sha rana. Ya gane kasuwa. Ya gane masallaci. Da ya ga zauren da muke zaune a ciki sai ya ɗago kai ya dubi rufin na gaske, ya sake duban waya, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

To a cikin wasan rana tana faɗuwa duk bayan 'yan mintuna, kuma in duhu ya yi dodanni ke fitowa. Ni na manta ban gaya masa ba. Ina can wajen mahauta ina jera bulo, shi yana bayan gari wajen rudu, duhu ya rufe shi, wani abu ya fara gurnani a bayansa. Ya buɗe akwatin da ke gefe, ya ga ƙyastu. Ɗan Wurno ya san aikin ƙyastu. Ya ce bari ya kunna haske.

Da kara da ciyawa na gina rudun nan.

Kafin in juyo, uku sun kama. Na ruga da bokitin ruwa, a daidai lokacin netwok ya ga dama ya tsaya. Allona ya daskare ina kallon wuta a tsaye cak. Da ya dawo, ta ci rudu goma sha biyu ta tsallaka kasuwa. Gefen allo ya cika da kalma ɗaya, Feuer, Feuer, wuta ke nan da yarensu. Maƙwabtana na cikin wasa suka zo da ruwa, aka kashe, amma kasuwa ta tafi, rufin gidanmu ya tafi, darbejiya ta zama kututture. Dam kaɗai ya tsira, shi da yake dutse ne.

Wayar Kabiru ta yi baƙi, wani jan rubutu ya fito. Ya miƙo mini in karanta masa. An kore shi kwana talatin.

Na roƙi Gudrun ta mayar mini da ginin yadda yake da safe, na san tana da ikon yi. Ta ce zuciyarta ta karye saboda ni, amma doka doka ce. Abin da kawai za ta iya tuna mini shi ne doka ta goma sha huɗu: wanda masifa ta auka wa yana iya gayyatar mataimaka.

Na rufe laftof. Kabiru ya fara ba ni haƙuri, ban bari ya ƙarasa ba.

"Tashi ka tahi. Mako shida nika wanga aiki. Wa ya aike ka?"

Ya ɗauki hularsa, ya sa takalmi, ya fita. Ko kunun bai sha ba.

Na shiga gida ina kuka wiwi. Inna ta fito a guje ta ɗauka mutuwa aka yi, da ta ji gobarar cikin kwamfuta ce sai ta koma kan tukunyarta tana salati. Baba ne ya ba ni mamaki. Ya tambayi kwana nawa na yi ina ginin, na gaya masa. Ya ce aikin mako shida aiki ne, ko a ina aka yi shi.

Asabar da hantsi ina kwance idona a kumbure, Nafisa ta leƙo ta ce Kabiru yana zaure tare da Baba. Na zura hijabi a kan rigar barci na fita don in sake korarsa. Na same shi ya shimfiɗa wani kwalin taliya da ya yage, ya zana rudu a kai da biro, daga gaba, daga gefe, daga sama. Zanen ya fi na wasu 'yan ajinmu kyau.

Ya ce ya yi kuskure, kuma bai zo neman a yafe masa da baki ba. Sannan ya ɗan yi tari.

"Amma Mashkura, gaskiya rudun da kig gina ba daidai suke ba. Kin aza su bisa ƙasa. Ba iska ta ƙasa, kuma kin juya musu baya ga inda iska ka hitowa. Albasa ba ta mako biyu ciki ba ta ruɓe ba."

Na buɗe baki in yi masifa, Baba ya ce gaskiya ya faɗa.

"An hana ni taɓawa," in ji Kabiru, "ba a hana ni magana ba. Ki kira mutanenki."

Ku zo ku ga zauren Malam Mode ranar nan. Na ɗora laftof a kan turmin da aka kifa, na buɗe lasifika, na shiga ɗakin murya na sabar, inda 'yan wasa ke magana da baki. Mutum takwas suka amsa gayyata, har da Gudrun da kanta, har da Lukman. Kabiru ya durƙusa gefena da kwalinsa yana ba da umarni, ni ina juyawa zuwa Jamusanci. A ɗaga ƙasan bulo biyu. A bar rata tsakanin kara. Rufin ya zarce jiki don ruwan sama. Wani mai suna Torsten, direban bas ne a Hamburg, ya tsaya gardama wai ginin zai fi kyau in an toshe gefe. Kabiru ya ce in tambaye shi ko ya taɓa zubar da buhu arba'in na ruɓaɓɓiyar albasa da hannunsa. Na fassara. Sai ɗakin ya fashe da dariya, Torsten ya ce ya sallama. Daga nan suka koma kiransa Chef, wato oga. Ja, Chef. Gut, Chef. Kabiru ya tambaye ni ko zaginsa ake yi.

Baba da ya ce zai zauna minti biyar, sai da aka kira azahar yana nan. Shi ya tsara kasuwa. Ya ce kara ta dabbobi ba nan take ba, 'yan hatsi kuma ba sa zama kusa da mahauta. Ya matso da fuskarsa dab da allo yana nuni da carbi, mutum takwas suna ta guje-guje da bulo a kan maganarsa. Inna ta leƙo sau uku. A na huɗu ta zo da kwanon ɗanwake ta ajiye, ta tsaya, ta ce darbejiyarta ta fi wannan da ake dasawa girma. Aka ƙara mata reshe.

Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba. Ina ihu da yare biyu, hijabina ya zame ban sani ba, gumi yana bin bayana. Can na waiga in tambayi Kabiru wani abu, na ga ba allon yake kallo ba, ni yake kallo. Ya yi sauri ya mayar da ido kan kwali.

To ga inda na ce za ku zage ni.

Lukman yana cikin ɗakin muryar, yana jin komai. Da farko ya gaisa da Baba cikin ladabi, daga baya ya yi shiru, yana aiki ba ya magana. Wajen ƙarfe biyu ya rubuto mini a waya: "Wane ne Chef ɗin nan?" Na ce wani ne mai zuwa gidanmu. Bayan minti goma wayar ta sake motsi, lokacin hannuna ɗaya yana kan linzamin kwamfuta, Torsten yana kirana, Baba yana cewa a matsar da rijiya.

"Mashkura, na daɗe ina son in tambaye ki. In turo mutanena?"

Lukman yana da wata ƙungiya a sabar, abokansa su biyar, maginan gada. Mu kuma muna neman hannu ido rufe. Na buga da babban yatsa ɗaya:

"Turo su don Allah, da wuri, ko su nawa ne."

Ya turo alamar zuciya guda uku. Na mayar masa da alamar babban yatsa, na kifa wayar.

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane. Ni wallahi tallahi ban gane ba. Har haushinsa na ji da yamma ta yi ban ga maginan gadar ba.

Lahadi ranar kasuwar Goronyo ce, ranar da dillalin albasa ba ya ko zama cin abinci. Kabiru ya bar wa abokin sana'arsa rumfa ya zo zaure tun ƙarfe tara. Da cajin laftof ya kusa ƙarewa, solarmu kuma ta gaza, ya fita ya ciro batirin motarsa ya haɗa da wata na'ura da ya aro. Muka ajiye bulon ƙarshe saura minti goma sha ɗaya a rufe. Sabon garin ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, ni da bakina nake faɗa.

Da zai tafi na raka shi har bakin ƙofa, abin da ban taɓa yi ba. Na ba shi haƙurin maganar da na gaya masa. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Ni ban iya Jamusanci ba, wasan ga kuma kin ga iyakar iyawata. Amma na ga huskarki sa'ad da kika gini. In Allah ya sa kin zo gidana, ba ni raba ki da shi. Sola ma sai in ƙara."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, na kasa cire hijabi. Wata biyar mutumin nan yana zuwa, ni ina jiran ya iya hira irin ta waya.

Talata aka faɗi sakamako. Goronyo ta zo ta ɗaya cikin gini sittin da uku. Na yi tsalle har na buge fanka. Yanzu duk wanda ya shiga sabar, daga Berlin yake ko daga Vienna, a bakin kasuwarmu yake sauka, ya bi ta gaban zauren Baba. Gudrun ta kafa allo a gaban rudu ta rubuta sunana, a ƙasa ta ƙara da cewa da shawarar Chef Kabiru na Wurno. Korar kuwa ta ce tana nan, sai ya cika kwana talatin ɗinsa. Na tura masa hoton allon. Ya amsa: "Ma sha Allah. Ki gaishe da tsohuwar." Daga baya na ga ya sa hoton a fuskar wayarsa.

Lukman bai shigo bikin da aka yi a sabar ba. Ya turo saƙo cewa sun samu hutu, yana ta shirye-shirye, akwai abin mamaki da yake tanadar mini. Na ce Allah ya taimaka. A raina na ɗauka wani gini ne.

Yau Jumu'a. Da safe na yi wanka, na sa leshi mai ruwan toka, na sami Baba yana karyawa da kunu da ƙosai. Na durƙusa, na ce na zo da sunan. Ya ce yana ji. Na ce Kabiru. Sai da ya shanye kunun, sannan ya ce Allah ya yi albarka, ya kuma ce dama ya ga alama tun ranar batiri. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Nafisa ta rungume ni tana cewa na cece ta. Baba ya kira Kabiru a waya a gabana ya ce ya shaida wa manyansa. Minti biyu bayan nan saƙonsa ya shigo: "Ban san mi zan ce ba. Ina nan tahe bayan la'asar."

Aka sauko daga masallaci, muna tsakar gida ana tankaɗen gari, sai muka ji sallamar baƙuwar murya. Baba ya fita. Ya daɗe. Da ya dawo bai zauna ba, ya tsaya a bakin ɗakina ya kira sunana cikakke, abin da ba ya yi sai da dalili.

Ya ce dattawa uku ne daga Rabah, da huhun goro da alawa. Sun ce ɗansu Lukman da ke Jamus ya turo su neman aurena, kuma ya tabbatar musu ni na ce su zo, da wuri.

Na ce ban yi ba. Na rantse. Na ɗauko waya don in nuna masa, na gangara cikin saƙonni, na kai ranar Asabar. Na karanta tambayar. Na karanta amsata. Na zauna a ƙasa.

Na yi wa Baba bayani ina in-ina. Inna ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta a hankali har zukatan uku.

"Yaron ga bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Kuma mutanen ga sun biyo rana tun daga Rabah bisa maganarki. Na ba su ruwa, na ce su ba ni mako guda. Ni ba ni canza abin da nig gaya ma Kabiru, sai in ke kic canza. Amma ki kira yaron yanzu ki hwaɗa mai gaskiya. Da baki, ba da rubutu ba."

Na shiga ɗaki na turo ƙofa. Na daɗe ina kallon sunansa. Mutumin da ya fara yi mini Hausa a inda ba mai jin ta, wanda bai yi mini komai ba sai alheri. Na shirya kalmomina, na yi bisimilla, na danna kira.

Bugu ɗaya ya ɗauka. Kafin ya yi magana na ji hon ɗin mota, na ji wata yarinya tana tallan gyaɗa, na ji wani yana cewa direba ya dakata a sayi ruwa. Ba a tallan gyaɗa a Jamus.

"Mashkura," ya ce, muryarsa cike da dariya, "kin ɓata mani shiri. Jiya nis sauka. Yanzu munka wuce Achida."

Daga Achida zuwa ƙofar gidanmu bai kai awa ɗaya ba. La'asar kuma saura minti arba'in.

Na ce masa Allah ya kawo shi lafiya, akwai maganar da zan gaya masa in ya iso. Na kashe wayar. Na buga muku wannan ne don hannuna ya samu abin yi. Yanzu na sa hijabina, na ce wa Nafisa ta shimfiɗa tabarma biyu a zaure, nesa da juna.